Daga Ayaru Zuwa Galmi: Yadda Ɗiyan Nijar Suka Koyi Silimar Gaskiya

Kowace sana'a da wurin koyonta. Ɗan maƙeri a maƙera yake koyo, yana zuga yana kallon hannun ubansa. Ɗiyar mai saƙar tabarma ta Madawa a gindin uwarta take koyon yadda ake tsaga kaba. To, mai ɗaukar silima fa, ina tasa maƙerar? An yi shekaru da yawa a ƙasar ga babu lakwal ko ɗaya ta koyon aikin silima. Duk da haka ɗiyan Nijar sun yi suna a wannan sana'a har ƙasashen waje. Hannu da hannu suka koye ta daga masu yin ta, kuma mafi yawan haɗuwar a wurin bukin silima aka yi ta. Tarihin ya shafe mu, mu mutanen Adar da Majiya, fiye da yadda da yawa suke tsammani.

Mene ne silimar gaskiya?

Fim iri biyu ne. Akwai na wasa, inda ake tsara labari a ba kowa abin da zai faɗa, kamar finafinan Indiya da na Kano. Akwai kuma na gaskiya, wanda Faransawa ke kira dokimanter. A cikinsa manomi manomi ne, gonar tasa ce, bashin da ke wuyansa ma nasa ne. Mai fim ba ya ƙirƙiro mutane. Aikinsa ya zauna da su, ya saurara, ya ɗauka, sannan ya zaɓi abin da zai ajiye da wanda zai zubar, ya jera su har su zama labari mai kai da gindi.

Wanda bai sani ba sai ya ce ai wannan ya fi sauƙi. Ko kusa. Ɗan wasa ana iya ce masa ya sake, amma ruwan farko na damina ba ya sake saukowa don mai kamara ya makara.

Darasin Sarkawan Ayaru

A 1941 wani Bafaranshe ya iso Yamai, injiniyan hanyoyi da gadoji, sunansa Jan Rush, a rubuce Jean Rouch. A nan ya haɗu da wani saurayi ɗan gidan Sarkawa, Damure Zika, suka ƙulla abota har mutuwa ta raba. Daga 1946 zuwa 1947 Rush da abokansa biyu suka bi kogin Kwara a cikin jirgin ruwa, da ƴar ƙaramar kamara mai wani. A cikin tafiyar ya rasa ƙafafun da ake ɗora kamarar a kai, sai ya koma riƙe ta a hannu. Irin wannan kamara ba ta wuce daƙiƙa 25 sai an sake wana ta. Dole mai ita ya san abin da yake so tun kafin ya taɓa maɓalli.

Ya ɗauki wani fim a kan farautar dorina, mai suna «Bataille sur le grand fleuve», wato yaƙi a kan babban kogi. A 1954 ya koma Ayaru da injin wuta da farin ƙyalle, ya nuna wa Sarkawan da ya ɗauka. Suka kalla, suka sake kallo, sannan suka tsinto masa kuskure. Ya sa kiɗa a wurin farauta, alhali dorina tana da kunne ko a ƙarƙashin ruwa, kuma ba a kiɗa in ana bin ta. Baturen ya karɓi gyara. Daga nan ya riƙe al'adar mayar da fim wurin masu shi, a nuna musu, su faɗi ra'ayinsu.

A wannan zaman kallo ne aka haifi wasu finafinan. Wani maharbin zaki ya gayyace shi ya zo ya ga tasu farautar, aka yi shekara kamar bakwai ana ɗauka, fim ɗin ya fito a 1965 har ya ci kyauta a bukin silima na Banis a Italiya. Damure kuwa da ya ga kansa a kan ƙyalle, sai ya kawo shawarar su yi fim a kan ƴan ci-rani masu zuwa Gwalkwas, wato Gana ta yau. Shi ne «Jaguar». Ku lura da kyau: darasi na farko a tarihin silimar ƙasar ga, masunta ne suka bayar da shi, ba su kuwa taɓa shiga aji ba.

Daga riƙon kaya zuwa riƙon kamara

Waɗanda suka yi aiki da Rush ba su tsaya ga ɗaukar masa kaya ba. Musa Hamidu ya ƙware a ɗaukar murya, ya zama kunnen silimar Nijar shekara da shekaru. Damure Zika da Lam Ibrahim Diya da Tallu Muzuran suka zama abokan tsara labari, har suka yi «Cocorico Monsieur Poulet» tare a 1974.

Mutum biyu suka fi fice. Na farko Umaru Ganda, haifaffen Yamai a 1935. Tun yana yaro ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin. Da ya dawo bai samu aiki ba, ya tafi Abijan yana dako a bakin teku. A can Rush ya same shi, ya ɗauki rayuwarsa a «Moi, un Noir» na 1958. An ɗauki hoton babu murya. Daga baya aka zaunar da Ganda gaban ƙyalle, yana kallon kansa yana magana yadda ta zo masa, aka naɗi maganar. Da ya koma Yamai ya shiga ƙungiyar masu koyon kamara ta cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Fim ɗinsa na farko, «Cabascabo», labarin tsohon soja ne da ya dawo gida kuɗinsa suka ƙare abokai suka watse. An nuna shi a bukin Kan na Faransa a 1969, ya kuma ci kyauta a Mosko.

Na biyu Mustafa Alasan, haifaffen Ndunga a 1942. Shi makaniki ne mai hannun zane. Tun kafin ya ga kamara yana yanka hotuna yana haska su da fitila, yara na taruwa kallo. Ya haɗu da Rush a cibiyar bincike ta IFAN a Yamai. A 1962 ya yi «Aouré», a kan yadda ake aure a wani ƙauyen Zabarmawa. Daga baya ya tafi Kanada, inda ya ga aikin Norman Maklaran, gwanin fim na zane mai motsi. Ya yi «La Mort de Gandji», da kwaɗi a matsayin sarki da fadawa, aka ba shi kyauta a babban bukin al'adun baƙar fata na Dakar a 1966. Ya yi shekaru yana shugabantar sashen silima na jami'ar Yamai. A ƙarshe garin Tawa ya zaɓa ya zauna, ya kafa ɗakin aikinsa, yana koya wa samari.

Ba kowa ya yaba wa Rush ba. A 1965 Usman Samben na Senegal, a wata muhawara da suka yi, ya zargi Turawa masu ɗaukar Afirka da cewa suna kallon mutanenta kamar yadda ake kallon ƙwari. Maganar ta yi zafi, amma ta yi amfani. Ta nuna cewa kamara a hannun baƙo, komai kirkinsa, ba ta maye gurbin kamara a hannun ɗan gida.

Buki, kasuwar masu sana'a

Mai fim in ya gama aikinsa, ina zai kai shi? Gidajen silima na garuruwanmu a lokacin finafinan Indiya da na kaboyi suke nunawa, don su ke kawo kuɗi. Shi ya sa masu sana'ar suka kafa tasu kasuwa. A 1966 aka buɗe bukin Kartaj a Tunisiya. A 1969 aka fara makon silimar Afirka a Wagadugu, wanda ya zama FESPACO. A 1972 aka fara bayar da babbar kyautarsa, dokin Yananga, kuma wanda ya fara ɗaukar ta Umaru Ganda ne, da fim ɗinsa «Le Wazzou polygame». Har yau akwai kyauta mai sunansa a bukin, wadda ake ba mai sabon hannu.

Amma kyauta ba ita ce babbar ribar buki ba. Kowa ya san kasuwar Madawa ko ta Buza ba saye da sayarwa kaɗai ake yi a cikinta ba. A nan manomi ke jin wane iri ya yi kyau bana, a nan ɗan koyo ke ganin aikin wani gari ya gwada da na ubangidansa. Haka bukin silima yake. A mako guda ɗan koyo zai ga finafinan da ba zai gani a garinsu ba ko a shekara goma. In an kunna fitila, mai fim ɗin yana tsaye a gabansa, sai tambaya: kwana nawa ka yi da mutanen kafin ka fito da kamara? Me ya sa ka yanke a nan? Yaya ka yi da iska a cikin murya? Da dare kuma a wurin shan shayi, shi ma ya faɗi nasa labarin da yake so ya ɗauka, manya su tankaɗe masa shi, su fitar da tsaki.

Rush ma ya gane haka. Bayan wani horo da aka yi a Mozambik a 1978, an kafa ɗakin koyarwa na Baran a Paris a 1981, inda ake ba ɗan koyo kamara tun ranar farko, ya je ya ɗauko, a taru a kalla a gyara. A 1982 ya kafa bukin finafinan al'adun jama'a a Paris, wanda yanzu yake ɗauke da sunansa. Daga cikin ɗalibansa akwai Mariyama Hima, mace ta farko a Nijar da ta yi fim. A tsakiyar shekarun 1980 ta ɗauki masu sana'ar hannu na Yamai. Ɗaya daga finafinanta sunansa da Hausa yake, «Baabu Banza», a kan masu mayar da tsohuwar taya takalmi da guga.

Shekarun fari

Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, yana da shekara 45. Daga nan abubuwa suka fara ja da baya. Fari ya zo, kuɗin gwamnati suka ragu, fim na zare yana da tsada kuma sai an kai shi Turai a wanke. Gidajen silima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, bidiyo ta shiga gidaje. Ƙasar da ta ɗauki dokin Yananga na farko ta koma sai jefi-jefi ake jin ta. Rahmatu Keita ta ba da labarin wannan faɗuwa a fim ɗinta «Al'lèèssi», ta bakin Zalika Sule, tauraruwar finafinan farko, aka nuna shi a Kan a 2005.

A watan Fabrairu 2004 aka shirya makon tunawa da silimar Nijar a Yamai, Rush ya zo yana da shekara 86. Ranar 18 ga wata, suna kan hanyar Tawa tare da Mustafa Alasan da Damure Zika, motarsu ta yi hatsari kusa da Birnin Ƙonni. Rush ya rasu a nan cikin jaharmu, aka binne shi a Yamai. Damure ya bi shi a 2009, Mustafa Alasan kuma a 2015 a Wagadugu. Cibiyar al'adun da aka sa wa sunan Rush, a 2024 an sauya mata suna zuwa na Mustafa Alasan.

Sabuwar maƙera

Da tsofaffi suka fara tafiya, sai tambaya ta taso: wa zai gāji sana'ar? Abu biyu suka taimaka. Na farko, ƙaramar kamara mai aiki da kwamfuta ta zo, ta rage tsada ƙwarai. Na biyu, aka mayar da buki ya zama makaranta da gangan.

A wani ƙauyen Faransa mai suna Lusas, tun 1989 ake taron masu silimar gaskiya kowace shekara. Daga can aka ƙirƙiro shirin Africadoc a farkon shekarun 2000. Tsarinsa a lokacin shi ne a tara samari masu labari a kai, a zaunar da su kamar mako biyu tare da masu fim da suka goge. Ba a fara da kamara, da alƙalami ake farawa. Kowa ya rubuta wa zai ɗauka, me ya haɗa shi da shi, me yake so mai kallo ya fahimta. A karanta, a soke, a sake rubutawa. Wanda takardarsa ta nuna sai a kai shi taron Tenk a Senegal, kalmar Wolof ce mai nufin taƙaita magana. A can zai tsaya gaban masu zuba kuɗi da wakilan gidajen telebijin, ya faɗi labarinsa cikin ƴan mintoci. A jami'ar Gaston Berje ta Sen-Luwi kuma aka buɗe karatun shekara guda na wannan sana'a.

A gida, Inusa Useini, wanda ya yi «Paris c'est joli» a 1974 ya kuma ɗauki wasan kara na Damagaram, ya kafa dandalin silimar gaskiya na Afirka a Yamai a 2006. Bai tsaya ga nuna finafinai ba, ya haɗa da horo, ya buɗe ƙofa musamman ga ƴan mata. Ya rasu a 2021, amma irin da ya shuka ya fito. A dandalin ne Aisha Maki ta Damagaram ta fara. Fim ɗinta «L'Arbre sans fruit» na 2016, wato itace marar ƴaƴa, ya taɓo abin da ake jin kunyar faɗa, halin matar da ba ta haihu ba, ta kuma fara da kanta. A 2021 ta fito da «Zinder», a kan samarin unguwar Kara-Kara. Malam Sagiru ya ɗauki ɗan sarkin fawan Damagaram a «La Robe du temps». Amina Weira ta ɗauki mutanen Arlit da ƙurar yuraniyom a «La Colère dans le vent» a 2016.

Ɗan Galmi da albasarsa

Wanda ya fi kusa da mu a cikinsu shi ne Sani Elhaji Magori, haifaffen Galmi a 1971. Aikin gona ya karanta, ya kuma yi aikin jarida. Ta hanyar Africadoc ya shiga silima, ya yi karatun Sen-Luwi, inda ya gwada hannunsa da wani gajeren fim a kan burodi da masu bara. Da ya tashi yin babban fim, bai je neman labari nesa ba, gida ya dawo.

Fim ɗin ya fito a 2008, sunansa «Pour le meilleur et pour l'oignon». Wani manomin albasa ne a Galmi yake so ya aurar da ɗiyarsa, amma bukin ya rataya ga amfanin gona da farashin buhu. Duk wanda ya taɓa noman rani a kwarin Tarka ko Majiya ya san wannan zullumi. In ka sayar lokacin cira, kasuwa ta cika, kuɗin ba su taka kara sun karya ba. In ka ajiye a rudu kana jiran tsada, ruɓa na ci, mai bashi na sallama, dangin ango na tambayar rana. Magori ya bi gidan tun daga dashe har cira. Da yake ɗan gari ne, an yi ciniki da gardama da shawarar iyali a gabansa da Hausarmu, ba wanda ya gyara zama don baƙo. Fim ɗin ya zagaya bukukuwa da dama, a 2009 ya ci kyautar silimar gaskiya ta AMAA a Nijeriya.

Fim ɗinsa na biyu, «Koukan Kourcia», wato kukan kurciya, ya taɓo ci-rani. Akwai wata tsohuwar zabiya wadda waƙoƙinta a zamanin ƙuruciyarta suka zuga samarin yankin suka bazama bakin teku neman arziki. Mahaifin Magori na cikin waɗanda suka daɗe a Abijan. Sai ɗan ya roƙi zabiyar ta bi shi har can, muryar da ta kore su ta kira su gida. Wane gida ne a Keita ko Buza da ba shi da wani a Abijan, ko Legas, ko Libiya?

Kamfaninsa ya sa masa suna Maggia Images, sunan kwarin Majiya. Da shi ya riƙe hannun na baya, har da fim ɗin Aisha Maki na 2016. Ɗan koyo ya zama ubangida ke nan, kamar yadda Ganda da Mustafa suka zama.

Abin da ya rage gare mu

A ƙarshen shekarun 1960 wata Bafaranshiya mai bincike, Nikol Eshar, ta ɗauki maƙeran Adar suna narka tama su fitar da ƙarfe, a fim mai suna «Noces de feu», wato auren wuta. Yau ƙarfen tsohuwar mota ya kashe wannan aiki. Jikan maƙeri in yana so ya ga yadda kakansa ya gina murhun, sai ya nemi fim ɗin baƙuwa. Mun gode mata, amma abin ya isa ya sa mu tunani.

Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1984, shekarar yunwar El-Buhari, aka buɗe babban aikin Keita da taimakon Italiya da FAO, mata suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da fako. Waɗanda suka yi wannan aiki da ƙuruciyarsu yau sun tsufa. Abin da suka gani, da waƙoƙin da suka yi a bakin aiki, da abin da ya yi kyau da wanda ya ɓaci, duk yana cikin kansu. Ranar da aka kai su makwanci, da shi za a rufe.

Yanzu kusan kowane saurayi da kamara a aljihu, cikin salularsa, kuma ta fi ta Rush ta 1946 nesa ba kusa ba. Amma mallakar guduma ba ta mayar da mutum maƙeri. Abin da tarihin ga ya koya mana a fili yake. A nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi. A zauna da shi har ya manta da kamara. A kula da murya kamar yadda ake kula da hoto, don tsoho in ba a ji abin da ya ce ba an yi aikin banza. A rubuta abin da ake nufi kafin a fara. In an gama a mayar wa masu shi su gani, a karɓi gyaransu kamar yadda aka karɓi na Sarkawan Ayaru. Sannan a nemi waɗanda suka riga mu, a Yamai ko Wagadugu ko duk inda suka taru, a nuna musu aiki ba tare da jin kunya ba.

Magadan gari da sarakuna da ƙungiyoyin samari su ma da nasu. Farin ƙyalle da injin wuta da fili a ƙofar fada ba su fi ƙarfin Madawa ko Buza ko Keita ba. A gayyato ɗiyanmu masu wannan sana'a su kwana biyu, su nuna finafinansu da dare, da safe su zauna da yara. Iyaye kuma in yaro ko yarinya ta nuna sha'awa, kada a ce wasa ne. Ɗan Galmi da albasa ya fara.

Allah ya ji ƙan magabatan da suka share hanya, ya ba na baya haƙurin koyo.